Takardar Koke Kan Rashin Hanyar Wasiƙa a Sayam Forage

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Diffa,
ta hannun Magajin Garin Shetimari.



Ranka ya daɗe, mu ne mazauna Sayam Forage, ƴan gudun hijira da ƴan gari masu masaukinmu. An buɗe wannan sansani a ƙarshen 2014, bayan Damasak ta faɗa hannun Boko Haram, daga baya mutanen Malam Fatori da Baga da sauran garuruwan bakin ruwa suka biyo sahu. Yaran da aka fara haifa a nan yau sun yi nisa a lakwal. An ba mu ruwa, an ba mu likita, ba mu manta alheri ba. Abin da ya kawo mu gabanka ɗaya ne: har yau takarda ba ta san hanyar Sayam ba.

Mun san abin da wasu za su ce, wai zamanin wasiƙa ya wuce, kowa da wayarsa. Gaskiya ne, in rezo ya kyautata mukan ji muryar ƴan uwa daga Maiduguri, kuɗi ma yakan iso Diffa daga Yamai cikin ƙiftawar ido ta kamfanonin aika kuɗi. Gaisuwa da kuɗi sun samu hanyarsu. Amma takardar haihuwa fa? Sakamakon jarrabawar yaro, takardar gado daga kotu, takardar da likitan Damagaram ya sa wa hannu? Duk ofishin da ka shiga da hoton takarda a cikin waya, sai a ce ka kawo ta ainihi mai hatimi. Mu kuwa da yawanmu mun tsallake kogin Komadugu ba mu ɗauko komai ba sai rigar jikinmu, takardunmu na can baya, sai dai a sake yi a aiko.

To ta ina ake aikowa? Ta hannun direba. Mai aikowa ya kai tasha, direban bas ya ajiye wa wani mai shago a Diffa, mai shago ya jira motar da za ta keta rairayin Sayam. Hannu huɗu ko biyar, ba rasit, ba wanda za ka tambaya in ta ɓace. Akwai wata gwauruwa cikinmu da aka aiko wa takardar makarantar ɗanta ta irin wannan hanya, lokacin da kogi ya cika. Ta iso bayan wata biyu a jiƙe, tawada ta narke, suna bai karantuwa. Yaron ya rasa shekara guda. Ba mu kama sunan kowa ba, domin direbobin nan taimako suke yi, aikin da ba nasu ba ne suka ɗora wa kansu.

In mutum ya ce shi zai je da kansa, tsakaninmu da Diffa kilomita arba'in ne da ɗoriya. Kuɗin mota zuwa da dawowa abincin gida ne na kwanaki, ga binciken hanya tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015. Tsoho ko mai goyo ba su iya wannan don su je su tarar ba a kawo komai ba.

Ba mu ce a riƙa ƙwanƙwasa ƙofar kowa kamar a Faransa ba. Ko a cikin garin Diffa, mai son wasiƙa akwati yake haya a gidan waya, mun sani. Amma tun 1874 da aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Bern, aka yarda cewa ƙasashen da ke cikinta tamkar ƙasa ɗaya suke a sha'anin wasiƙa, kuma Nijar da Najeriya duk suna ciki. Ke nan takardar da aka sa a Maiduguri tana da hanyar doka har Diffa. Guntun da ya rage ne ya gagara. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta daɗe tana sada saƙonni tsakanin iyalan da yaƙi ya raba, Allah ya saka, sai dai nata aikin neman dangi ne, ba jigilar takardun hukuma ba.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, ka sa baki a buɗe wa Sayam akwati guda na kowa da kowa a gidan wayar Diffa, a kuma turo ma'aikaci sau ɗaya a mako, rana sananniya, ya kawo ya kuma karɓa. Duk takarda mai muhimmanci a rubuta ta a littafi, a ba mai ita rasit, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Sansanin nan a tsare yake unguwa unguwa, shugabanninmu sun san kowane gida, su za su kai wa marar lafiya da tsoho har ɗaki. Ɗakin da ma'aikacin zai zauna mu za mu tanada, kuɗin kan sarki kuma za mu biya kamar kowa.

Muna jiran amsarka ta hannun Magajin Gari. Allah ya ƙara lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam.

Dattawa, mata da matasan Sayam Forage.