Man lavanda: a ga yadda ake tatsarsa kafin a ɗiga wa yaro

Tallan man lavanda ya cika WhatsApp da Facebook. Ana cewa yana maganin rashin barci, ciwon kai, ƙuna, har da tarin yara, kuma wai ba ya da illa tunda daga tsiro yake. Wannan magana ta ƙarshe ce ke damuna, domin duk wanda ya san yadda ake tatsar man ba zai faɗe ta ba.

Lavanda tsiro ne mai fure shuɗi-shuɗi da ake nomawa a kudancin Faransa, musamman yankin Provence, da kuma Bulgeriya. Da rani ake yankan furen, a dunƙula shi cikin babbar tukunya, a tura tururi ya ratsa shi, kamar yadda tururi ke ratsa dambu a madambaci. Tururin ya kwashe sinadaran ƙamshi, ya bi ta tiyo mai sanyi ya koma ruwa, sai man ya taso sama a kwalfe shi. Manyan sinadaran biyu ne, linalol da asetat na linalil. Abin lura shi ne yawan furen: sai an turara fiye da kilo 100 na lavanda ta asali kafin a samu kilo guda na mai. Ke nan ƴar kwalbar nan da uwa ke riƙe da ita tulin fure ce aka matse wuri guda.

Ban ce man ba ya da amfani ba. Masanin sinadarai na Faransa René-Maurice Gattefossé, wanda ya shafa shi a ƙunar da ya samu a 1910, shi ya yaɗa maganar jiyya da ƙamshi a littafinsa na 1937. A Jamus akwai ƙwayar man lavanda mai miligiram 80 da aka gwada a kan manya masu fargaba da damuwa, aka ga tana rage musu, ko da yake tana sa gyatsa. Amma wannan magani ne mai awo, na manya, daga kantin magani. Kwalbar talla ba ta da awo, kuma mai saye ba ya da hanyar gane ko an gauraya ta. Man zalla na iya sa fata ƙaiƙayi da ja, kuma in ƙaramin yaro ya sha shi, guba ne. A 2007 wata mujallar likitanci a Amurka ta kawo labarin yara maza uku da nononsu ya kumbura suna amfani da kayan shafa masu man lavanda, ya kuma sace da aka daina. Masana na ta muhawara a kai har yanzu, amma uwa ta cancanci ta ji.

Malaman kimiyya, a nan aikinmu yake. Littattafan sinadarai na Faransa sun saba kawo tatsar lavanda a matsayin misali, ɗalibanmu kuwa su haddace zanen, su zuba a jarrabawa, ba su taɓa ganin furen ba. Ba sai da lavanda ba. Ɓawon lemu, butar ƙarfe, tiyo da bokitin ruwan sanyi sun isa. Ɗalibin da ya ga an cika buta da ɓawo, aka jira awa guda, aka samu ɗan maiƙo da ƙyar ya rufe saman ruwa, shi zai fara tambayar mai talla ɗigo nawa, kuma ga ɗan shekara nawa.