Man da zai rage gyatsar shanu yana cikin gurya, lissafi ne ya rage

A Ɗambatta, Makoɗa da Bichi, inda gona ke manne da gona, shanu da yawa a turke suke, na huɗa da na kiwon Sallah. Abin da maigida ya zuba musu shi suke ci. Wannan ya sa yankin ya dace da wata dabara da masana suka daɗe suna gwadawa: ƙara man tsirrai a abincin shanu.

A tumbin sa akwai ƙwayoyin halitta da ke narkar da kara da harawa, suna samar da iskar metan, wadda yake fitarwa galibi ta gyatsa. A tsawon shekara 20, wannan iska ta ninka hayaƙin kabon kusan sau 80 wajen ɗumama duniya. Mai yana rage aikin waɗannan ƙwayoyi. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince a Glasgow a 2021 a rage metan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Sai dai babu manomin da zai sayi man gyaɗa ya zuba wa sa saboda alkawarin Glasgow. Abin da zai ja hankalinsa shi ne aljihunsa: kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da dabba ta ci yana tafiya a wannan iska. Kuma man yana gida, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na gurya mai ne, tunkuza ma ba ta rasa saura.

Haɗarin yana wajen awo. Idan mai ya haura kusan kashi 6 cikin 100 na busasshen abinci, narkewar harawa takan ragu, sa ya rage ci. San da ke cin kilo 8 a rana, iyakarsa giram 480. Ƙananan maruƙa kuwa gurya tana cutar da su.

Nan ne aikin matasa masu waya yake. Manhajar Hausa da za ta yi aiki ba data, ta mayar da giram zuwa mudu da gwangwani, ta karanta amsa da murya, ba ta fi ƙarfin mai koyon haɗa manhaja ba. Sharaɗin shi ne masana irin na cibiyar NAPRI da ke Shika su duba alƙaluman kafin a sake ta, domin kuskure ɗaya na iya ramar da san da iyali suka dogara da shi.