RA'AYINMU: Baƙin Birketeri Da Kayan Da Ba A Buɗewa

Duk wanda ya san Yawunde ya san yadda masu yawon buɗe ido ke ƙare yininsu. Da safe ɗan jagora zai kwashe su zuwa gandun Mefou, kusa da garin Mfou, inda ƙungiyar Ape Action Africa ke rainon goggon biri da sauran birai da aka ƙwato daga hannun mafarauta. Wasu a wuce da su Ebogo, bayan Mbalmayo, a saka su a kwalekwale a kan kogin Nyong, su kalli tsuntsaye da manyan itatuwa, su ci abincin ƙauye. Masu ƙarfin aljihu kuwa har gandun Dja ake kai su, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, su kwana kusa da mutanen Baka. Da yamma sai a dawo da su gari, a ajiye mota a Birketeri, unguwar Hausawa da ke maƙwabtaka da Messa da kasuwar Mokolo, su ci tsire da kilishi, su leƙa shagunan teloli, su ɗauki hoton babban masallaci.

Ke nan mu ma muna cikin kayan da ake tallatawa, ko mun sani ko ba mu sani ba. Abin tambaya shi ne, nawa ke shigowa aljihunmu? Kamfanin da ya shirya tafiyar ya karɓi kuɗinsa tun baƙon bai baro Faransa ko Jamus ba. Ɗan jagoran, wanda galibi ba ɗan unguwa ba ne, shi ke ba da labarinmu yadda ya ga dama, shi ke zaɓen shagon da za a shiga, kuma yana da la'adarsa a ciki. Mai tsire ya sayar da tsinke goma, an ɗauki hoton 'ya'yansa ba a nemi izini ba, an tafi. Alhali a lungunan Birketeri akwai samari masu jin Faransanci da Turanci da Fulatanci da Ewondo, suna zaman kashe wando. Su ya kamata su riƙa shiga gaban baƙi, su gaya musu cewa sunan unguwar daga wurin yin bulo na zamanin Turawa ya samo asali, kuma fataken Hausawa sun gangaro kudancin Kamaru ta Adamawa tun ƙarshen ƙarni na 19, suna neman goro da hauren giwa.

Wannan hauren giwa shi ne ya kawo mu ga maganar da ta fi damunmu. Abin da kakanninmu suka yi fatauci da shi a fili, yau hanyar gidan yari ce. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 3 zuwa 10 ga wanda aka kama da sassan dabbar da aka haramta taɓawa, sannan sabuwar dokar da ta maye gurbinta a 2024 ta ƙara tsaurara hukuncin sosai. A taron CITES na Johannesburg a 2016 an haramta cinikin ɗankunya da aku mai jan wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Tun 2003 ƙungiyar LAGA ke aiki da ma'aikatar gandun daji daga nan Yawunde, kuma hanyarsu ita ce aiko mutum a matsayin mai saye. Wanda ya zo yana yi maka tayi mai tsoka a kan ɓawon ɗankunya, ba mamaki jandarmomi na bayan kwana suna jira.

Manyan dillalan wannan harka ba kasafai suke shiga hannu ba. Wanda ake kamawa shi ne direban da aka ba buhu aka ce masa citta ce, da yaron mota, da mai shagon da aka bar wa ajiya don kunya. Kayan kan fito daga dazukan kudu da gabas, su bi motocin da ke ɗauke da kayanmu na halal, su tsallaka Najeriya, su nufi tashar jiragen ruwa. A watan Afrilun 2019 kaɗai hukumomin Singafo sun kama kwantena biyu da suka taso daga Najeriya za su Biyetnam, kowace ɗauke da ɓawon ɗankunya sama da tan 12. Kamaru ta ƙone tarin hauren giwa a 2016, ta ƙone ɓawon ɗankunya a 2017, Najeriya ma ta lalata nata a Abuja a 2023 da 2024. Duk lokacin da aka yi irin wannan kamu, bincike a kan iyaka kan ƙaru, a sauke wa mai shadda da mai albasa kayansu a rana, wasu ma'aikatan kuma su sami sabuwar kafar neman na goro.

Mutanen arewa ba sa buƙatar a gaya musu abin da ake asara idan baƙi suka ɗauke ƙafa. Gandun Waza, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700, a da shi ne abin alfaharin Kamaru, da giwayensa da raƙuman dawa da zakuna. Baƙin da ke zuwa Waza da duwatsun Rhumsiki su ne ke sayen jakunkuna da takalman fata na dukawan Marwa. A farkon 2012 mahara a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Bouba Ndjida. A Fabrairun 2013 kuma Boko Haram ta sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, kusa da Dabanga bayan sun fito daga Waza. An sako su bayan wata biyu, amma cinikin bai dawo ba. Masaukai suka rufe, 'yan jagora suka koma acaɓa, kasuwar Banki da Amchide ta yi shekaru a mace.

Ba mu ce laifin na ɗan kasuwa ne shi kaɗai ba. Gwamnatin da ke son baƙi su kai arewa sai ta gyara hanyar Mora zuwa Kusiri, ta rage shingayen da ba su da aiki sai tatsa. Kuma manomin da giwa ta cinye wa gona a daren Allah yana da haƙƙin diyya kafin a yi masa wa'azin kare dabbobi.

Amma akwai abin da yake hannunmu. Muna kira ga sarakunan Hausawa da limamai na Birketeri su zauna da ofishin magajin garin Yawunde ta Biyu da ma'aikatar yawon buɗe ido, a zaɓi samari a horar da su, a ba su katin shaida, a tsayar da ƙa'ida kan ɗaukar hoto a ƙofar masallaci da gidajen mutane. Masu tsire da teloli su rubuta farashi a allo, domin baƙon da aka tsuga wa kuɗi sau ɗaya zai rubuta a intanet dubbai su karanta. Shugabannin tasha kuwa, daga Yawunde zuwa Garwa, Mubi da Gamborun Ngala, su kafa doka cewa ba a ɗora buhu a mota sai an kwance bakinsa a gaban direba, an rubuta sunan mai shi da lambar wayarsa a littafin tasha.