Digirin kwamfuta da ba zai iya gina wa mai kanti shafi ba, na mene ne?

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen kwamfuta na jami'o'inmu na Arewa. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, kuma na san zai sosa wa wasu rai. Don Allah a daure a karanta har ƙarshe kafin a fara jifa.

Maganata ɗaya ce. Ɗalibin da ya shekara huɗu yana karatun kwamfuta, ya fito bai iya gina wa mai kanti shafin intanet da zai nuna kaya, ya karɓi kuɗi, ya ajiye lissafi ba, to an cuce shi. Idan kuma sayen furojet ya yi don ya rufe wannan gibin, shi ma da hannunsa a cikin cutar. Kyawun sakamako ba zai goge wannan ba.

Yanzu haka ina horon SIWES a wani ƙaramin kamfani a Maitama, kuma unguwar kanta ce ta sa na kasa yin shiru. Duk wanda ya san Abuja ya san titin Aguiyi Ironsi. A kansa hedikwatar NUC take, hukumar da ke tsara mafi ƙarancin abin da za a koyar da mu. A kansa NCC take, mai kula da kamfanonin sadarwa. Ka ɗan karkata Zambezi Crescent, ga TETFund, mai ba manyan makarantun gwamnati kuɗin gine-gine da kayan aiki. Ka shiga Tigris Crescent, ga hedikwatar NYSC, ga ta CAC mai rajistar kamfanoni. Wato tun daga kwas ɗin da ka karanta, da ɗakin kwamfutar da aka gina maka, da kakin da za ka saka, har rajistar kamfanin da kake mafarkin buɗewa, duk a 'yan layukan nan ake yanke su.

To yanzu ka tambayi kanka, ta ina kake hulɗa da irin waɗannan hukumomi? Ta shafin intanet. Ta nan ka duba gurbinka na JAMB. Ta nan ka ciro lambar Remita ka biya kuɗin makaranta. Ta nan dubban ɗalibai suka nemi bashin NELFUND tun da aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024. Ta nan za ka yi rajistar bautar ƙasa. Wasu mutane ne suka zauna suka gina su, kuma biyansu aka yi. Amma sai ka ji ɗan aji uku a hostal yana taɓe baki wai ai gina shafi aikin 'yan kafe ne, shi injiniya ne. Haba malam! Injiniyan da bai taɓa ɗora ko shafi ɗaya a intanet ba?

Mu faɗa wa juna gaskiya a kan yadda ake koyar da abin. A sassa da yawa, kwas ɗin gina manhajar intanet a allo yake farawa, a takardar jarrabawa yake ƙarewa. Za a ce ka kawo ma'anar HTML, ka lissafo bambanci biyar tsakanin wannan da wancan, ka rubuta kod da biro a cikin sa'a biyu. Kod ɗin da aka rubuta da biro ba ya taɓa nuna kuskure, saboda ba wanda ya kunna shi. Ɗakin kwamfuta kuwa yana nan da fenti mai kyau da allon suna, amma makullin yana aljihun wani, ko babu man janareta, ko kwamfutoci arba'in ne ɗalibai ɗari uku. Wanda ya iya hadda ya cinye, wanda ya iya aiki amma bai haddace kalmomin takardar lakca ba ya sha ƙasa. Tamkar a koya wa mutum tuƙi a cikin aji ne, a ba shi lasisi bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Sai a zo shekarar ƙarshe, kasuwar furojet ta buɗe. Kowa ya san shagunan bakin get inda ake sayar da babi ɗaya zuwa biyar har da manhajar. A canza sunan makaranta, a canza kalar shafin farko, a haddace abin da za a faɗa ranar kare aiki. Manhajar ba ta taɓa fita daga cikin laftof ɗaya ba, ba wanda ya taɓa sayen ko allura ta cikinta. Ɗalibi ya san sayowa ya yi, abokansa sun sani, wani lokaci mai dubawa ma ya gane amma ɗalibai talatin ke gabansa. Haka nan SIWES: shirin da hukumar ITF ta kafa tun 1973 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa, wasu sun mai da shi hutun wata shida. A kwanta a gida, a cike littafin rahoto a dare ɗaya, a kai wa kawu a ofis ya buga hatimi. Wa aka yaudara?

Ranar wanka dai ba a ɓoye cibi. Bari in gaya muku abin da mai kasuwa yake buƙata, kamar yadda nake gani kullum a wurin aiki. Mai otal, mai asibiti, mai sayar da abaya da turaren wuta, mai dillancin gidaje, ba ruwansu da makinka. Suna so shafi ya buɗe da sauri a ƙaramar waya ko da sabis ya yi rauni, wanda ke nufin dole ka san rage nauyin hoto. Suna so adireshin shafin ya zama da sunansu aka yi rajistarsa, ba da sunanka ba, kuma a san ranar sabunta shi, ko na .com ne ko na .ng da NiRA ke kula da shi. Suna so ɗan makullin tsaro ya fito a gefen adireshi, abin da Let's Encrypt ke bayarwa kyauta ga wanda ya iya sakawa.

Sai batun kuɗi, inda wasa yake ƙarewa. Idan ka haɗa shafi da Paystack, da kwabo ake aika masa adadi, ba da naira ba. Ka rubuta 5000 kana nufin naira dubu biyar, naira 50 za a cire wa mai saye. Idan ka yarda da abin da wayar mai saye ta ce maka cewa an biya, ba tare da sabarka ta tabbatar daga kamfanin biyan kuɗin ba, ɗan damfara zai kwashe kayan mutane kyauta. Idan turmi ɗaya ya rage a shago, mutum biyu suka danna saye a lokaci guda, wa za a ba? Idan ka ajiye kalmar sirrin kwastomomi a fili cikin rumbun bayanai aka sace, ka sani akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023. Idan saba ta mutu da daddare, ina kwafin bayanan jiya? Duk waɗannan tambayoyi suna da amsa a cikin darussan rumbun bayanai da tsaro da aka yi mana a aji. Matsalar ita ce ba a taɓa haɗa darasin da dukiyar wani bawan Allah ba, shi ya sa ya zama hadda.

Na san uzurorin, kuma ba duka ne ƙarya ba. Babu wuta. Laftof ya yi tsada. Data ta ƙara kuɗi tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Malamanmu suna fama da aji mai cunkoso da albashin da ba ya kai su ko'ina, yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ina girmama su, kuma akwai waɗanda da kuɗin aljihunsu suke sayo mana abin aiki, Allah Ya saka musu. Amma uzurin da aka fi so, wato wai manhajar karatu daga Abuja take zuwa hannunmu a ɗaure, ya daina aiki. A watan Disambar 2022 NUC ta ƙaddamar da sabon tsarin CCMAS, inda ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. A tsarin ne ma aka ware fannin kwamfuta ya tsaya da ƙafarsa. To tambayar da ya kamata kowane ɗalibi ya yi wa sashensa cikin ladabi ita ce: me aka zuba mana a cikin kashi 30 ɗin nan? Jami'ar da ke maƙwabtaka da Kantin Kwari ko Dawanau ko babbar kasuwar Sakkwato ba ta da hujjar rasa abin da za ta zuba.

Akwai kuma 'yan ɗaya ɓangaren, su ma ban bar su ba. Tun da Farfesa Isa Ali Pantami ya fitar da littafinsa a 2022 a kan muhimmancin ƙwarewa fiye da takardar digiri zalla, wasu suka ɗauki rabin maganar suka gudu da ita. Ka ga yaro ya daina shiga lakca, ya kalli bidiyo uku a YouTube, ya sauke ƙirar WordPress ta kyauta ya canza hoto, ya rubuta a shafinsa cewa shi ƙwararre ne, digiri yaudara ce. Ranar da aka yi wa shafin kutse sai ya kashe waya. Ɗan uwa, Shola Akinlade da Ezra Olubi da suka kafa Paystack a 2015, kamfanin da Stripe ta saya a 2020, kwamfuta suka karanta a Jami'ar Babcock. Ba su zaɓi ɗaya suka yar da ɗaya ba. Karatun aji shi ne tushe, aikin hannu shi ne gini. Mai tushe babu gini a rana zai kwana, mai gini babu tushe damina ɗaya ta ishe shi.

Wani zai ce ai 'yan kasuwarmu WhatsApp da Instagram sun wadace su. Ka manta ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na wajen sa'a shida? Ka manta an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 har Janairun 2022? Wanda duk kasuwarsa ke kan dandalin wani, ɗan haya ne, ranar da mai gida ya ga dama zai watso masa kaya waje. Kuma ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar tiransifa. Kasuwar ta riga ta motsa. Abin da ya rage shi ne wa zai gina mata rumfa.

Wani kuma zai ce ChatGPT zai rubuta komai, me ya sa zan wahala? Zai rubuta, ba musu. Amma wanda bai iya karanta kod ba, ta yaya zai gane inda aka rubuta masa shirme? Ranar da kuɗin Alhaji suka maƙale, ba ChatGPT zai kira ba, kai zai kira.

Abin da ya fi ci min rai shi ne muna da abin da wasu ba su da shi. Mun san turmin atamfa yadi shida ne, mun san shadda da yadi ake yanka ta, mun san hatsi da buhu da kwano ake auna shi. Mun san ɗan kasuwarmu yana ba da kaya bashi a kan amana, yana buƙatar inda zai rubuta wanda ya biya da wanda ya rage. Mun san akwai Hajiyar da za ta fi sakin jiki da shafin da ke magana da Hausa, da kuma mace 'yar uwarta da za ta shiga har cikin gida ta nuna mata yadda ake ɗora kaya. 'Yan uwa mata na sashen kwamfuta, wannan kasuwar taku ce, ba mai ƙwace muku ita sai in kun bar ta. Amma idan muka tsaya raina aikin, wasu za su zo daga nesa su koyi abin da muka gada, su karɓi kwangilar, mu kuma mu koma Facebook muna kukan an mayar da Arewa saniyar ware.

Ga abin da nake roƙo. Malamanmu masu daraja, a mayar da rabin makin kwas ɗin nan kan aikin da ke raye a intanet, wanda malami zai buɗe a wayarsa ya gwada. A ranar kare furojet, a ce wa ɗalibi ya canza abu ɗaya a cikin kod ɗinsa nan take a gaban kowa. Minti biyar sun isa a bambance mai gini da mai saye, kuma kasuwar bakin get za ta mutu da kanta. A riƙa neman tarihin aikin a GitHub, inda kowane gyara ke ɗauke da ranarsa, don a ga ko cikin wata shida aka gina shi ko a dare ɗaya ya sauko daga sama. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai kuma, a rage kuɗin liyafa da riguna, a sayi data da man janareta a buɗe mana ɗaki ko da ranar Asabar ce kawai.

Mu kuma ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin samistan nan ta ƙare, kowa ya nemi ɗan kasuwa ɗaya na gaske: tela, mai kemis, mai makarantar Islamiyya, yayarka mai sayar da kayan kicin. Ka gina masa shafi, ka ɗora, ka bar shi ya yi amfani da shi ya dawo maka da ƙorafi. Idan laftof ɗaya ne a ɗakinku, ku yi karɓa-karɓa ku huɗu. Darussan freeCodeCamp da MDN kyauta ne, shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023 ma kyauta ne ga wanda ya samu gurbi. Idan lokacin SIWES ya zo, ka nemi inda za a sa ka aiki, ba inda za a buga maka hatimi ba.

Wanda bai yarda da ni ba, ƙofa a buɗe take, amma kada ya turo min hoton sakamakonsa. Ya turo adireshin shafin da ya gina, mu buɗe mu gani. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa wahalar iyayenmu ba ta tafi a banza ba.