Inji na ganin lamba, amma bai san dala ba



Duk wanda ya san Bilma ya san cewa idan kaka ta yi, ayarin Abzinawa ya ratso Tenere da gero, to lissafi ya tashi: kantu nawa aka haƙo a Kalala, foshi nawa, dabino buhu nawa, bashin wa ya rage. A da kundi da alƙalami ke riƙe wannan duka. Yanzu kuwa ƴaƴan fatake da suka yi lakwal sun fara kwashe kundin iyayensu zuwa cikin Excel, kuma a nan wani saurayi ya same ni da kuka. Ya ce ya cika gidaje fiye da ɗari, ya sa SOMME, inji ya ba shi sifiri.

Dalili a fili yake. Ya rubuta "kantu 40" a gida guda, kamar yadda mahaifinsa ke rubutawa. A wurin inji wannan magana ce, kuma SOMME tana tsallake magana ba tare da ta yi gargaɗi ba. Maganin shi ne a zaro lambar zuwa gidan da ke kusa. Idan rubutun na A2, sai a sa a B2:

=CNUM(STXT(A2;TROUVE(" ";A2)+1;10))

TROUVE ta nemo sararin da ke tsakanin kalma da lamba, STXT ta yanko abin da ya biyo baya, CNUM ta mayar da shi lambar da za a iya tarawa. Wanda injinsa ya zo daga Kano zai tarar da sunayen da Ingilishi, wato VALUE, MID da FIND, da waƙafi tsakaninsu. Idan kalmomi biyu ne, kamar "dabino buhu 12", dabarar nan za ta ce #VALEUR!. Tun 2022 masu Microsoft 365 na da TEXTE.APRES(A2;" ";-1), mai ɗauko abin da ke bayan sarari na ƙarshe, sai a lulluɓe ta da CNUM. Amma a kiyaye da al'adar da muka gada daga Faransanci ta raba dubbai da sarari: "sefa 12 500" zai fito 500 kawai, jika goma sha biyu sun salwanta.

Babbar matsalar kuwa ba ta dabara ba ce, kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mu a nan ba da sefa muke ƙirga kuɗi a kasuwa ba. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1000. Faɗuwar darajar sefa a Janairu 1994 ma ba ta taɓa wannan ƙirga ba. A kundin saurayin nan akwai bashin mutum guda a layi uku: "dala 300", "jika 12", "sefa 2500". Da ya zaro lambobin ya tara, inji ya ce 2812. Gaskiyar bashin sefa 16000 ce. Sifirin farko ya fi wannan alheri, domin kowa ya gan shi ya san akwai gyara. 2812 kuwa ta yi kama da gaskiya, har a iya kai ta gaban mai gari a matsayin shaida, tsakanin mutanen da kakanninsu suka yi ciniki da amana.

Saboda haka a ƙara gida na uku, C2:

=B2*SI(GAUCHE(A2;4)="dala";5;SI(GAUCHE(A2;4)="jika";1000;1))

Ma'aikatan biro ma kada su ce ba ruwansu, domin takardun haraji da suke karɓa daga hannun jama'a da irin wannan bakin ake cika su. Na shawarci saurayin, daga ayarin bana, ya ware jeri uku: suna daban, ma'auni daban, lamba daban. Tsohon kundin kuwa na ce ya zauna da mahaifinsa su bi shi layi-layi, domin akwai wuraren da dattijon ya rubuta lamba tsirara, shi kaɗai ya san ko dala yake nufi ko jika.