Wanda Bai Ji Bari Ba: A Fara Da Lallashi, Faɗa Ya Biyo Baya

Kusan kowane gida ya san wannan yanayi. An hana yaro wasa kusa da murhu, an hana shi hawa katanga, an ja masa kunne kan tsokanar karen maƙwabta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Rana ɗaya sai ga shi da kuka, hannu a ƙone ko gwiwa tana zubar da jini. Abin da ke fara zuwa bakin iyaye da yawa shi ne: "Maganinka ke nan, ai na gaya maka." Wasu har mari sukan ƙara masa, domin a ganinsu lallashi a irin wannan lokaci sangarta yaro ne.

Ra'ayina, a matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, shi ne a fara da lallashi da kula da raunin, faɗa ya biyo baya idan hankali ya kwanta. Dalilina na farko ya shafi lafiyar yaron ne kai tsaye. Yaron da ya san duka ke jiransa idan ya ji ciwo, ɓoye ciwon zai koya. Akwai kuwa raunukan da ɓoye su na 'yan sa'o'i kan jawo asarar rai.

Mu ɗauki cizon kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda cutar haukan kare ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun cutar sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tsira. Amma idan aka wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, aka garzaya asibiti aka fara allurar rigakafi, ana iya tare ta. Yaron da aka sha hana shi taɓa kare, ya san laifinsa ne, shi ne zai ja wando ya rufe ɗan karcen haƙori ya yi shiru.

Haka batun shan magani yake. Yaron da ya haɗiyi farasitamol da yawa zai iya yini guda ba tare da wata alama mai tayar da hankali ba, alhali hantarsa tana lalacewa a ɓoye, sai bayan kwana biyu ko uku abin ya fito fili. Maganin da ke karya wannan guba ya fi aiki idan an ba da shi cikin sa'o'i 8 na farko. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu su ma haɗari ne babba ga ƙananan yara, ga su kuma da kama da alewa. A irin wannan hali ma'aikacin lafiya yana buƙatar sanin abin da aka sha, guda nawa, da ƙarfe nawa. Yaron da ke rawar jiki don tsoron bulala ba zai faɗi gaskiyar adadin ba.

Dalili na biyu shi ne lokacin da faɗa ke cinyewa. Ƙuna tana buƙatar a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na kimanin minti 20, kuma kada a shafa mata manja, ɗanyen ƙwai ko man goge baki. Yaron da ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin idan kananzirin ya kuɓuce zuwa huhu ya fi yin illa. Asibiti za a nufa nan take. Duk minti ɗaya da aka ɓata wajen kirga sau nawa aka gargaɗe shi, daga lokacin agajinsa aka ɗiba. Lallashin kansa ma yana rage raɗaɗi, shi ya sa ake shawartar uwa ta rungume jaririnta ko ta ba shi nono lokacin allurar rigakafi.

Masu ganin lallashi zai shafe darasi suna da hujjarsu, kuma tsoronsu na tarbiyya ne: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai jiki magayi, zafin wutar ya riga ya koyar da abin da baki ya kasa. Yaron da ke cikin azaba da firgici ba ya fahimtar nasiha, ƙarar muryar kawai yake ji. Karin maganar da muke kafa hujja da ita ma cewa ta yi wanda bai ji bari ba ya ji hoho, hoho kuwa kalmar jaje ce. Magabata sun san mai kunnen ƙashi zai gamu da wahala, duk da haka ba su hana shi jaje ba.

Ya kamata kuma mu auna gargaɗin da shekarun yaro. Sashen ƙwaƙwalwa da ke danne son rai da hangen ƙarshen al'amari ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Ɗan shekara uku zai iya maimaita "wuta tana ƙuna" da bakinsa, ya kuma miƙa hannu ga garwashi bayan minti biyar. A wannan mataki kariya tana wuyan manya: a kulle magunguna a wuri mai tsawo, a daina zuba kananzir ko fiya-fiya a kwalbar lemo, a rufe rijiya, a nisanta tukunyar ruwan zafi daga inda yara ke wasa.

Lallashi ba ya nufin a ce wa yaro bai yi laifi ba, ko a saya masa kyauta don ya ƙuje gwiwa. A ɗauke shi, a duba raunin, a tambaye shi abin da ya faru cikin taushin murya, a yaba masa idan ya faɗi gaskiya. Bayan an ɗaure ciwon, kuka ya tsaya, da dare ko washegari, sai a zaunar da shi a tambaye shi dalilin da ya sa aka hana shi tun farko, a bar shi ya amsa da bakinsa. Idan akwai horo, kamar hana shi keke na 'yan kwanaki, a nan ne muhallinsa.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaro zai sake yin kuskure, wannan babu makawa. Abin da iyaye ke da iko a kai shi ne inda zai nufa ranar da abin ya faru: wurinsu, ko bayan ɗaki.