Ikon Madugu a Kan Ayarin Fatake: Fa'idodi da Illoli

Duk tafiyar da ta yi nisa da fada da zauren alƙali, sai an sami wanda za a danƙa wa ragamarta. A jiragen ruwan Turawa na ƙarni na 16 da na 17, kyaftin ne ke riƙe da wannan matsayi. Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma a da tana da madugu, uban tafiya, shugaban fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro. Sukan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa Borgu har Salaga, kasuwar Gwanja, zuwa da komowa ya cinye rabin shekara ko fiye. A 1826 Bature Clapperton ya tarar da irin wannan ayari a Kayama, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, ga dabbobin kaya kusan yawansu. Taro kamar wannan ba ya rasa rigima, kuma yadda aka tara ikon kashe ta a hannun mutum guda yana da amfaninsa, yana da aibinsa.

FA'IDODI

Babbar fa'ida ita ce tsaro. Ayarin da ke ɗauke da kanwa da turkudi da jajayen fatu abin kwaɗayi ne ga 'yan fashi, musamman a dazukan Borgu. Ranar da aka kawo hari babu sararin shawara: murya ɗaya ake bukata da za ta ce a tsaya ko a ci gaba. Madugu ne ke sa ranar tashi, ya zaɓi hanya, ya faɗi inda za a yada zango. Malamai kan kafa hujja da hadisin da ya umarci matafiya, ko su uku ne, su shugabantar da ɗayansu.

Sai saurin yanke hukunci. In jaki ya ɓata, ko an zargi wani da taɓa kayan abokin tafiya, ko bashi ya haɗa fatake biyu faɗa, ba za a ajiye maganar sai an komo Kano ba. Goro ba ya jira. In aka yi jinkiri ya bushe ko ƙwari su shige shi, asarar ta kowa ce. Sulhun da aka yi a zango da dare, ko bai gamsar da kowa ba, yakan fi shari'ar da za ta tsayar da ɗaruruwan mutane a daji.

Akwai kuma ciniki da sarakunan hanya. Kowane gari yana da kuɗin da yake karɓa, kowane kogi yana da fitonsa. Madugu yakan yi magana da yawun ayari duka, ya kai gaisuwa, ya nemi ragi, sannan a raba nauyin bisa yawan kayan kowa. Falken da ya je shi kaɗai ba zai sami wannan rangwame ba.

Abin da ya kamata a daɗe a kansa shi ne cewa ikon madugu yana da linzami. Ba shi kaɗai yake aiki ba: ga jagaba a gaba, ga uban dawaki mai taimaka masa, ga malamin ayari mai rubutu da addu'a. Fiye da haka, sarki bai tilasta wa kowa bin wani madugu ba. Fataken goro irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun san juna, sun haɗa aure, labari kuwa yakan riga ayari isowa Kasuwar Kurmi. Madugun da ya yi zalunci bana, baɗi sai ya nemi mabiya ya rasa. A teku abin ya fi tsanani. Kyaftin Magellan ya kashe waɗansu daga cikin jagororin tawaye a gaɓar San Julian a 1520, Francis Drake kuma ya sa aka sare kan Thomas Doughty a wannan gaɓa a 1578. Su suna tafe da izinin sarauta, a wurin da babu mai iya sauka ya kama gabansa.

ILLOLI

Linzamin nan ba kowa ya kare ba. Attajirin da ke da jakuna masu yawa zai iya sauya madugu, kuma madugu ya san haka. Bawa da ɗan alaro da matan da ke dakon kaya suna girki ba su da wannan zaɓi. In rigima ta haɗa su da mai dukiya, da wuya ma'auni ya daidaita, don wanda ke sauraron ƙarar yana bukatar ɗayan ɓangaren a tafiya ta gaba. A lokacin, bayi ma suna cikin hajar da ake saye da sayarwa a kasuwar Salaga, kuma duk wanda zai yabi tsarin ayari bai kamata ya tsallake wannan ba.

Na biyu, madugu ɗan kasuwa ne. Yana da nasa kaya a cikin ayarin, shi ne kuma ya san abin da aka biya sarki a bayan labule. Mutumin kirki zai riƙe amana, an kuwa sami irinsu da yawa, in ba haka ba da sana'ar ba ta yi ƙarko ba. Sai dai tsarin da ya dogara ga halin mutum ɗaya ya bar ƙofa a buɗe.

Ɗaukaka ƙara tana da wuya. Ko da wanda aka zalunta ya kai kuka bayan an komo gida, shaidu sun watse, watanni sun shuɗe.

Kuskuren shugaba kuma kowa yake shafa. Hanyar da aka zaɓa ba daidai ba, ko sarkin da aka ɓata wa rai, na iya jawo asarar dukiya da rayuka. In shugaban ya yi nisa, giɓin da ya bari ya fi muni. Kamfanin 'yan kasuwar Holan da aka kafa a 1602 ya tanadi majalisar jirgi don kada hukunci ya zama na mutum guda, duk da haka da jirginsa Batavia ya fashe a gaɓar yammacin Ostireliya a 1629, shugaba ya tafi neman agaji, waɗanda suka ƙwace iko suka hallaka mutum fiye da 100 cikin waɗanda suka tsira daga ruwa.

Ba mahawara ce ta rushe ikon madugu ba, zamani ne. Yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwar Salaga a 1892. Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, suka ɗora wa ayarori harajin hanya wanda aka soke a 1907. Layin dogo ya iso Kano a 1911, goro kuma ya koma biyowa ta teku zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Dantata yake cikin waɗanda suka fara kamawa. Rigimar ciniki ta koma gaban alƙalai da kotuna, masu rubutaccen hukunci da damar ɗaukaka ƙara, tare da jinkirin da kowa ya sani.

Mai karatu zai auna da kansa. Sai dai ya tuna cewa yawancin labaran ayari da suka iso mu sun fito ne daga bakin madugai da zuriyar attajirai da Turawa matafiya, don haka ya yi wa masu ɗaukar kayan adalci yayin da yake yanke nasa hukuncin.